Wa Ya Kaɗa Gangar Nan?

Da hunturun ƙarshen shekarar 2002 ne, a gidanmu da ke Fagge. Bayan sallar La'asar Yaya ya fito da rikodarsa mai baki biyu tsakar gida, ya jingina ta da randa, ya zura sabon kaset ɗin da ya sa aka ɗaukar masa a Sabon Gari. Waƙoƙin Amurka ne zalla, irin waɗanda samari ke yayi a lokacin. Gwaggo tana gefe a kan tabarma tana tsintar shinkafa, ba ruwanta da mu, don ta daɗe da yanke hukuncin cewa abin da muke ji hayaniya ce kawai. Waƙa ta uku na farawa sai muka ga hannunta ya tsaya cak a cikin tire. Ta ɗago kai ta ce, "Kai, mayar da ita baya." Yaya ya mayar. Ta karkata kunne, can ta ce, "Wannan ai Lata ce."

Yaya ya ce, "Haba Gwaggo, wannan fa Ba'amurkiya ce, Truth Hurts ake ce mata."

Ta ce, "Ta gaban ban santa ba. Amma wadda ke can baya tana rerawa siriri, Lata ce. Tun ba a haife ku ba nake jin muryar nan."

Gwaggo ba ta taɓa taka ƙofar sinima ba, amma finafinan Indiya da gidajen talabijin na Kano ke sakawa da daddare, da na bidiyon haya, sun sa muryar Lata Mangeshkar ta zauna mata a kunne kamar ta maƙwabciya. Mu kuwa muka ƙi yarda. Me zai kai mawaƙiyar Indiya cikin waƙar da kamfanin Dr. Dre ya fitar, wadda har Rakim ya yi baiti a ciki? Sai da aka kwana biyu labari ya iso mana, ashe gaskiyar Gwaggo ce. Waƙar, mai suna "Addictive", DJ Quik ne ya haɗa kiɗanta. Ya ji wata tsohuwar waƙa a tashar Indiya, ya naɗe ta, ya ɗora sabuwa a kanta. Asalinta daga fim ɗin Jyoti ne na 1981, Bappi Lahiri ya tsara kiɗan, Lata ta rera. Ba a nemi izinin kowa ba. Lahiri ya kai ƙara, a farkon 2003 wata kotu a Los Angeles ta hana sayar da faifan sai an rubuta sunansa a jiki. Da na je na gaya wa Gwaggo, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "To da can ƙarya na yi maka?"

Daga ranar kunnena ya canza. Na daina jin waƙa a dunƙule, na koma leƙa bayanta, ina neman wa ke ɓoye a ciki.

'Yan sitidiyo suna ce wa abin samful. Ni in zan faɗa da Hausa sai in ce tsakure: ka tsakuro guntun sauti daga tsohon faifai, ka dasa shi cikin sabon kiɗa. Ya bambanta da abin da muka saba gani a finafinanmu, inda mawaƙi zai ɗauki karin waƙar Indiya ya zuba mata kalmomin Hausa ya rera da bakinsa. A can kari aka ara. A nan kuwa ainihin sautin ake ɗaukowa, da numfashin mai waƙar, da amsa-kuwwar ɗakin da aka naɗe shi, har da ƙarar allura a kan faifan garmaho. Mutumin da ya buga ganga shekara talatin da suka wuce, hannunsa ne da kansa ke sauka a waƙar yau.

Mu ba mu da na'ura, sai rikodar Yaya. Amma bakinta biyu ya ishe mu. Za mu sa kaset mai kiɗa a baki ɗaya, sabon kaset a ɗayan, mu danna maɓallin ɗauka tare da na dakatarwa. In an zo daidai gurbin da mawaƙi ya yi shiru ganga ta rage ita kaɗai, sai a saki dakatarwa, gurbin na ƙarewa a danne, a mayar da kaset na farko baya, a sake. Gurbin sakan 4, kafin ka tara kiɗan minti 3, sai ka maimaita sau arba'in da wani abu. In yatsa ya makara ko da ƙiftawar ido ne, kiɗan ya yi ɗingishi, a koma farko. In an ɗauke wuta mu zuba batir, in batir ya yi sanyi kiɗan ya riƙa jan ƙafa kamar mai jin barci. Don tattalin batir da biro muke juya kaset. Mun ɗauka mu muka ƙago dabarar. Daga baya na ji Q-Tip na ƙungiyar A Tribe Called Quest yana ba da labarin haka ya fara a ɗakinsu a Queens yana yaro, sai na ji kamar na sami ɗan'uwa a wata uwa duniya.

Abin dai daga marasa hali ya taso. Ranar 11 ga Agusta 1973, a ɗakin taron wani bene mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke Bronx, wani saurayi haifaffen Jamaika, Clive Campbell, wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, ya sa kiɗa a bikin da ƙanwarsa Cindy ta shirya don tara kuɗin kayan komawa makaranta. Herc ya lura da abin da duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya sani: masu rawa sun fi zabura a lokacin da mawaƙi ya ja baki makaɗa suka zuba. Matsalar ita ce a faifai wannan gurbi ba ya wuce 'yan sakan. Sai ya sayi faifai iri ɗaya guda biyu, ya ɗora kowanne a kan garmahonsa, wannan na ƙarewa ya saki wancan, ya mayar da allurar na farko baya. Gurbin sakan kaɗan ya zama na mintoci. A shekarun nan birnin New York ya kusa tsiyacewa, an rage malaman kiɗa a makarantun gwamnati, yaran Bronx ba su da kuɗin jita ko ƙaho. Abin da ke gidajensu shi ne tarin faya-fayan iyayensu, sai suka mayar da garmaho abin kaɗawa.

Na'urorin tsakure sun biyo baya. Fairlight ta fito daga Ostareliya a 1979, amma tsadarta ta sa sai irin su Stevie Wonder da Peter Gabriel da Kate Bush ke taɓa ta. Wadda ta shiga hannun yaran unguwa ita ce SP-1200 ta kamfanin E-mu, a 1987, sai MPC60 da kamfanin Akai na Japan ya yi tare da Roger Linn a 1988, mai maɓallan roba 16 da ake bugawa da yatsu kamar ƙaramar ganga. Ita SP-1200 sakan 10 kacal take iya riƙewa, su ma a rarrabe gida huɗu, sakan biyu da rabi kowanne. A nan ne nake cire wa mutanen nan hula. Faifan da aka yi shi don ya juya sau 33 a minti, sai su kunna shi a gudun 45, sautin ya tsuke ya shige cikin ɗan lokacin da na'urar ta yarda, sannan su sassauta shi a cikinta ya dawo daidai. Wannan matsi da sassautawa yana sa sautin ya yi kaushi, ya yi ƙura-ƙura, kuma kaushin nan shi ya zama ɗanɗanon kiɗan New York na farkon shekarun 1990. Har yau masu kwamfutar da za ta riƙe sautin wata guda suna sayen manhaja don ta kwaikwayo musu wannan kaushi.

Wanda ya ce tsakure aikin malalata ne, ya nemi waƙar da Pete Rock da CL Smooth suka yi a 1992 don tunawa da abokinsu Trouble T Roy, wanda ya rasu a 1990. Busar saksofon ce ta Tom Scott, daga wani faifai na ƙarshen shekarun 1960 da ba kowa ya damu da shi ba. 'Yan sakan ne a tsakiyar waƙa, dubban mutane sun ji sun wuce. Pete Rock ya ji makoki a cikinta, ya ciro ta, ya sa tana dawowa tana dawowa kamar yadda tunanin mamaci ke dawo wa mutum. Ban fahimci rabin Turancin waƙar ba a lokacin da na fara jin ta, amma na san ta'aziyya ake yi. Ka zauna ka saurari faifai ɗari don ka sami sakan uku, ka san inda za ka yanka, ka san abin da zai zauna da shi lafiya, wannan ilimi ne, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

A 2005 na samu shiga wani sitidiyo a titin Gidan Zoo a matsayin yaron shago. Ina share ɗaki, ina sayo abinci, ina tayar da janareta, in maigida ya fita in zauna gaban kwamfuta in taɓa Fruity Loops. A lokacin fiyano ce sarauniya, Yamaha PSR, ita ke fitar da kusan duk kiɗan finafinan Hausa. Sautukan cikinta ma ai tsakure ne, kayan kiɗa na gaske aka naɗa aka zuba mata. Sai dai wanda ya zuba bai san kalangu ba. Masu kiɗanmu sukan lalubo sautin da ya fi kusa su yi maneji da shi, kunne kuwa ya san ba shi ba ne.

Wata rana maigida ya ce a nemo makaɗin gaske. Aka kawo wani dattijo, makaɗin mahauta, da kalangunsa a rataye cikin jakar buhu. Na shigar da shi ɗakin ɗauka, wanda muka manne bangonsa da soson katifa, na gyara masa makirfo. Maigida ya ce, "Baba, bugu ɗaya za ka yi, ka tsaya. Sannan ka matse, ka sake bugu ɗaya." Dattijon ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, kalangu magana yake yi. Bugu ɗaya ai ba magana ba ce." Muka lallaɓa shi. Ya yi mana yadda muke so, bugu sake, bugu matse, bugu da jan hammata har sautin ya tashi sama ya sauko. Da muka gama ya ce, "To yanzu ku bar ni in gaisa da gangata." Ya saki hannu ya yi taken mahauta. Ban taɓa jin ɗakin nan ya cika kamar ranar ba. Maigida ya yi mini ido, na bar na'ura tana ɗauka.

Aka ba shi kuɗin mota da ɗan abin goro, ya yi godiya, ya sa mana albarka, ya tafi. Da daddare ni na zauna na yayyanka, na fitar da bugu goma sha wani abu, da wani gurbi na sakan 4 daga cikin taken nan da in ka maimaita shi ba a gane inda ya fara. Da na zo adanawa kwamfuta ta nemi suna. Na rubuta "kalangu 1". Ban san sunan mutumin ba. Tun da ya shigo har ya fita Baba muke ce masa, ba wanda ya tambaya.

Kafin shekara ta zagayo fayil ɗin ya bar hannunmu. Aboki ya kwafa a faifan CD, na abokin ya kwafa a filashi, ya shiga wannan sitidiyo ya fita wancan. Na ji shi a waƙar fim, na ji shi a waƙar amarya, na ji shi a waƙar siyasa. Har yau in ina cikin A Daidaita Sahu wani lokaci sai in ji wannan jan hammatar ya fito daga lasifika, in gane shi kamar yadda Gwaggo ta gane Lata. A lokacin alfahari nake yi, ina cewa yankana ne.

Sai a 2015 abin ya dawo mini ta wata fuska. Na karanta labarin Gregory Coleman, mai ganga a ƙungiyar The Winstons. A 1969 sun naɗi wani kiɗa mai suna "Amen, Brother" don cike bayan faifai. A tsakiyarsa kowa ya yi shiru, Coleman ya buga shi kaɗai na kamar sakan 6. Waɗannan sakan 6 sun shiga dubban waƙoƙi. N.W.A sun hau kansu a 1988, matasan Ingila kuma suka ƙara musu gudu suka daddatsa su, har aka sami sabon salon kiɗa sukutum, wanda suke kira jungle, a kansu. Coleman ya rasu a Atlanta a 2006 ba shi da matsuguni, bai ci ko sisi daga ciki ba. A 2015 ɗin ne wasu masu sa kiɗa biyu a Birtaniya suka buɗe gidauniya, aka tara kusan fam 24,000 aka ba shugaban ƙungiyar, Richard Spencer. Shi mai hannun ya riga ya yi shekara tara a ƙasa.

Clyde Stubblefield ma haka. Shi ya buga gurbin da ke cikin "Funky Drummer" ta James Brown, wadda ta fito a 1970. A cikin naɗin ana jin Brown yana umartar sauran makaɗa su ba mai ganga fili, har ya raɗa wa kiɗan suna don shi. Amma a takarda sunan Brown ne a matsayin mai waƙa. Public Enemy da wasu ɗaruruwa sun gina waƙoƙi a kan wannan bugu, Stubblefield ya yi fama da jinya da bashin asibiti kafin ya rasu a 2017. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka ta shigo tun 1991, lokacin da Gilbert O'Sullivan ya yi ƙarar Biz Markie kan tsakuro waƙarsa ba izini, alƙali Kevin Duffy na New York ya buɗe hukuncinsa da ayar Attaura mai hana sata. Daga nan kowane tsakure sai an nemi izini an biya. Irin faya-fayan da Public Enemy suka yi a 1988 da De La Soul a 1989, inda ake saƙa guntaye barkatai a waƙa ɗaya, suka gagari aljihu. Tsofaffin faya-fayan De La Soul ba su hau manhajojin sauraro ba sai ranar 3 ga Maris 2023, saboda rikicin izini da na kamfani, kwana 19 bayan rasuwar ɗaya daga cikin su ukun. Na yi baƙin cikin abin da dokar ta kashe, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta ceci wanda ya kamata ba. Kuɗin izini na zuwa ga mai mallakar faifai da wanda aka rubuta shi ne marubucin waƙa. Makaɗin da aka biya ladan yini guda, ranar aka gama da shi.

Ni dai ban taɓa ɗaukar tsakure sata ba, kuma ba zan fara yau ba. Tsakure ne ya sa yaran Bronx suka san James Brown, shi ya kai Fela Kuti kunnen waɗanda suka ji shi ta bakin Mos Def a 1999, shi ya sa 'yan bana-bakwai suka nemi Toni Braxton bayan Burna Boy ya hau kiɗanta a 2022. Zumunci ne tsakanin na da da na yanzu. Amma mu da muka tashi a gaban malaman zaure mun san ladabin ɗauka: in ka kawo magana sai ka ce daga wa ka ji, shi ma daga wa ya ji. Mawaƙanmu na gargajiya sukan juya a tsakiyar waƙa su kira makaɗinsu, su gaishe shi, duniya ta ji. Duk da haka, a cikin masu ƙaunar Mamman Shata, mutum nawa ne za su lissafa maka waɗanda suka riƙa masa kalangu shekara da shekaru? Wannan ramin ne na faɗa da hannuna a daren da na rubuta "kalangu 1".

Yau komai ya yi sauƙi. Yaro da waya a hannu zai raba murya da kiɗa cikin minti ɗaya, akwai shafukan intanet da za su gaya maka asalin kowane tsakure kafin ka gama tambaya. Ban ƙi ba. Amma ina kewar zaman da muke yi a Ƙofar Wambai muna tona kwalayen tsofaffin kaset, ina kewar gardamar da za a kwana uku ana yi a kan wata busa, wannan ya ce daga nan take wancan ya ce a'a, ba alƙali sai kunne. Gwaggo ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Ranar 6 ga Fabrairu 2022 da aka sanar da mutuwar Lata tana da shekara 92, na nemo waccan waƙar ta 2002 na kunna, ban saurari ta gaban ba ko kaɗan.

Dattijon kuwa na neme shi a ƙarshen 2015. Na bi ta wajen mahauta, wannan ya tura ni wurin wancan, har aka kai ni wani gida a cikin lungu. Babban ɗansa ya fito, muka gaisa, ya ce ai Baba ya yi shekara huɗu da rasuwa. Ya shigar da ni soro, ga kalangun a rataye a ƙusa, fatar gefe ɗaya ta tsage, ba wanda ya gaje shi. Na ciro waya na kunna masa gurbin nan na sakan 4. Bai kai ƙarshe ba ya sunkuyar da kai, ya ce, "Hannunsa ne." Ya kira mahaifiyarsa ta tsaya daga bayan ƙofa, na sake kunnawa. Na ba su abin da ya sawwaƙa, wanda na san bai kai ba, na nemi su yafe mini, na tambayi cikakken sunansa na rubuta.

A kwamfutata yanzu sunansa ne a kan fayil ɗin. A sauran sitidiyoyin da ya bazu har yau "kalangu 1" ake kiransa, kuma ba ni da hanyar bin su ɗaya bayan ɗaya. Don haka ƙannena masu haɗa kiɗa, na Kano da Kaduna da Jos da Zinder, ga roƙona: duk ranar da kuka shigar da mai kalangu ko mai gurmi ko mai sarewa ɗakin ɗauka, kafin ku danna maɓalli ku tambayi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, ku sa a kan fayil ɗin, ku yi yarjejeniyar haƙƙinsa a rubuce, ku kuma karɓi lambar wani nasa.